Daga Ɓargo Zuwa Saifa: Rayuwar Jar Ƙwayar Jini da Matsalar Sikila

Littafin bayoloji na sakandare yakan raba jikin ɗan'adam babi-babi, a yi babin ƙashi, a yi na numfashi, a yi na zagayen jini, sannan can kusa da ƙarshe a kawo babin gado. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO sai ya haddace kowanne shi kaɗai, ya iya zana zuciya ya sanya wa kowane ɗaki sunansa, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa mai ciwon ƙoda yake fama da ƙarancin jini, ko abin da ya haɗa rawayar ido da ciwon ƙashi a jikin yaro guda, sai ya rasa ta cewa. Rabon nan an yi shi ne don sauƙaƙa koyarwa, jikin kansa bai san da shi ba. A ganina hanya mafi kusa ta gyara wannan giɓi ita ce a ɗauki abu guda a bi shi daga haihuwarsa zuwa mutuwarsa, a ga gaɓoɓin da yake ratsawa da abin da kowace take yi masa, kuma babu abin da ya fi jar ƙwayar jini dacewa da irin wannan bibiya.

Babban mutum yana ɗauke da jini kimanin lita 5, wato wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa. Duk wanda aka taɓa yi wa awon PCV a asibiti ya ga yadda ake zuƙar ɗigon jini a cikin siririn bututun gilashi a sa a na'ura ta juya shi da sauri har ya rabu. Abin da ya taso sama ruwa ne mai ɗan rawaya da ake kira filasma, wanda ya kai kusan kashi 55 cikin 100, kuma shi ke ɗauke da sukari da gishiri da furotin da sinadaran saƙo da dattin da za a kai ƙoda. Abin da ya kwanta ƙasa, kimanin kashi 45, jajayen ƙwayoyi ne, kuma tsayin wannan kwantaccen sashe shi ne lambar da ma'aikacin ɗakin gwaji yake rubutawa. Tsakanin biyun akwai wani siririn layi fari da bai kai kashi 1 ba, inda fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta da ƙananan ɓarɓashin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni suke taruwa. Saboda haka idan likita ya ce mutum ba shi da jini, galibi ba yawan ruwan yake nufi ba, jajayen ƙwayoyin ne ko sinadarin da ke cikinsu suka yi ƙaranci.

Ana ƙera waɗannan ƙwayoyi ne a cikin jan ɓargo. A jikin ƙaramin yaro kusan kowane ƙashi yana wannan aiki, amma yayin da mutum yake girma sai ɓargon dogayen ƙasusuwa ya rikiɗe zuwa kitse, aikin ya koma hannun ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari da gadon baya da ƙoƙon kai. A kowace daƙiƙa ɓargo yana fitar da sababbin jajayen ƙwayoyi fiye da miliyan 2, kuma ba shi ke yanke wa kansa yawan da zai yi ba. Ƙoda ce take lura da yawan iskar oksijin da ke iso mata, idan ta ga ta ragu sai ta saki wani sinadari mai suna iritirofoyitin wanda zai bi jini ya je ya zaburar da ɓargo. A nan amsar tambayar mai ciwon ƙoda take: ɓargonsa lafiya lau yake, umarni ne ya daina zuwa masa yadda ya kamata. Ɓargon kuma yana buƙatar kayan aiki daga abinci, musamman sinadarin ƙarfe da folik asid da bitamin B12, dalilin da ya sa ake ba masu juna biyu ƙwayoyin ƙarin jini a wajen awo ke nan, domin jikinsu yana gina jinin mutum biyu a lokaci guda.

Kafin ƙwayar ta bar ɓargo tana yin wani abu da yawancin ƙwayoyin jiki ba sa yi, wato tana tofar da cibiyarta, inda bayanan gado suke. Da wannan ta rasa ikon rabuwa biyu da ikon gyara kanta idan ta lalace, amma ta sami fili ta cika cikinta da himogulobin, furotin ɗin da ke ba jini launinsa, wanda ake ƙiyasta akwai kusan miliyan 270 nasa a cikin ƙwaya guda. Kowane himogulobin an gina shi da sarƙoƙi 4, biyu ana kiransu alfa, biyu ana kiransu beta, kuma kowace sarƙa tana riƙe da ƙarfe guda wanda oksijin yake maƙalewa a jikinsa. Siffar ƙwayar ita ce abin da nake so ɗalibi ya fi riƙewa. Zagayayya ce mai loɓawa a tsakiya ta fuska biyu, faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma tana da laushi ƙwarai. Wasu daga cikin ƙananan hanyoyin jinin da za ta bi sun fi ta ƙanƙanta, kamar lungun cikin birni da mai ɗauke da kaya sai ya karkace kafin ya wuce, don haka dole ta lanƙwashe ta kutsa, ta fito ta koma yadda take, ta maimaita haka dubban sau a tsawon rayuwarta.

Zuciya ce ke tunkuɗa ta a wannan tafiya. Tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba sosai, tana da ɗakuna 4, biyu a sama masu karɓa, biyu a ƙasa masu turawa, da bango a tsakiya wanda ya raba dama da hagu. Jinin da ya gama zagaya jiki ya sauke oksijin ɗinsa yana shigowa ɗakin sama na dama, ya gangara na ƙasa, daga nan a tura shi huhu. Idan ya ɗauko iska sai ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa, wanda zai harba shi cikin babbar jijiyar awota zuwa ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku, kuma ba sai an haddace dalili ba, tunda ɗaya huhu kawai yake kai wa jini, ga shi nan kusa, ɗayan kuwa jiki duka yake ciyarwa. Sautin nan guda biyu da likita yake saurara a ƙirji ƙarar rufewar ƙofofin da ke hana jini komawa baya ne. A lokacin hutu zuciyar babba tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kowane bugu yana fitar da wajen mililita 70, wanda ke nufin kusan dukkan jinin jiki yana ratsa ta a cikin minti guda.

Akwai kuskure guda da ɗalibai suke yawan yi a nan, na cewa jijiyoyin atari su ne masu ɗauke da jini mai oksijin, na ben kuma marar oksijin. Abin da ya raba su alkibla ce: atari yana fita daga zuciya, ben yana komowa gare ta. Atarin da ke zuwa huhu jini marar oksijin yake kaiwa, ben ɗin da ke dawowa daga huhu kuma shi ya fi kowace jijiya wadatar oksijin.

Wannan tsari da ake koyarwa yau a darasi guda ya ɗauki masana fiye da shekara dubu kafin su gane shi. Jalinus, likitan zamanin Rumawa da ya rayu a ƙarni na 2, ya koyar da cewa hanta tana ƙera jini daga abinci, jiki yana shanye shi, kuma wani sashe yana ratsa ƙananan ƙofofi a bangon tsakiyar zuciya daga dama zuwa hagu. Ibnun Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya musanta wannan a sharhin da ya yi wa littafin likitanci na Ibn Sina, ya ce bangon ba shi da wata kafa, jini ta huhu yake bi. A 1628 William Harvey na Ingila ya kawo hujjar da ta fi burge ni, domin lissafi ce kawai: ya ƙiyasta jinin da zuciya take fitarwa a bugu guda, ya ninka da yawan bugu, ya ga abin da take turawa a rabin sa'a ya fi jinin da ke cikin jiki gaba ɗaya, saboda haka ba zai yiwu a ce sabon jini ake yi kullum ba, jini guda ne yake zagayawa. Harvey ya mutu bai ga mahaɗar atari da ben ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya hango waɗannan ƙananan hanyoyi a huhun kwaɗo a 1661 da madubin ƙara girma.

A cikin huhu, hanyoyin iska suna ta rarrabuwa har su ƙare da ƙananan jakunkuna da yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, kowace a lulluɓe da hanyoyin jini, kuma abin da ya raba iska da jini a wurin bai kai kaurin maikuromita guda ba. Babu wani ƙarfi da ake sawa don shigar da oksijin, yana tafiya ne da kansa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. Gwanintar himogulobin ita ce yana kama oksijin da ƙarfi a huhu, amma yana sassauta riƙo idan ya isa wurin da ke da zafi da tsami da yawan iskar kabon-dayoksaid, wato ainihin yanayin tsokar da ke cikin aiki. Ta haka ƙafar mai gudu take samun kaso mafi girma ba tare da wani ya tsara rabon ba. Raunin wannan tsari shi ne iskar kabon-monoksaid da ke fita daga janareta da garwashin gawayi, wadda ba ta da launi ko wari, kuma himogulobin yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida, ko suka rufe ɗaki da kaskon wuta a lokacin hunturu, huhunsu yana aiki, zuciyarsu tana bugawa, amma wuraren da oksijin zai zauna a jininsu an riga an mamaye su.

Bayan kimanin kwana 120 ƙwayar takan tsufa ta yi tauri, kuma saifa, wadda ke can sama a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ita ke tace ta. Jini yana bi ta wasu matsattsun tsaga a cikinta, ƙwayar da ta kasa lanƙwashewa sai ta maƙale, wasu manyan fararen ƙwayoyi su cinye ta. Ƙarfen da ke cikinta ana mayar da shi ɓargo a sake amfani da shi, ragowar kuma ya zama wani sinadari rawaya mai suna bilirubin, wanda hanta take karɓa ta sarrafa ta zuba a ruwan maɗaciya zuwa hanji. Launin bayan gida da na fitsari daga nan suka samo asali. Wanda ya fahimci wannan hanya zai gane cewa shawara alama ce, kuma tana iya fitowa ta fuska uku: ko jajayen ƙwayoyi suna mutuwa fiye da yadda hanta za ta iya kwashewa, ko hantar ce ta kamu da ciwo, ko kuma hanyar maɗaciya ta toshe. Idon zai yi rawaya a duka ukun, amma maganinsu bai zama ɗaya ba.

Cutar sikila, wadda ake kuma kira amosanin jini, ita ce inda dukkan waɗannan babi suke haɗuwa. Bayanin yadda za a gina sarƙar beta yana rubuce a kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin zaruruwan DNA da ke ɗauke da bayanan gado, kuma a wurin mai sikila harafi guda ne ya sauya a cikin DNA, GAG ya zama GTG. Sakamakon haka, a gurbi na 6 na sarƙar da ke da amino asid 146, wato tubalan da ake gina furotin da su, wani da ake kira balin ya maye gurbin gulutamik asid. Na asalin yana jituwa da ruwa, sabon kuwa yana gudunsa, don haka da zarar himogulobin ya sauke oksijin sai ya riƙa manne wa 'yan uwansa suna yin dogayen zaruruwa masu tauri, su miƙar da ƙwayar ta koma siffar lauje. Likita James Herrick na Cikago ne ya fara bayyana waɗannan ƙwayoyi a rubuce a 1910, Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa matsalar a jikin himogulobin take, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin gurbin da ya sauya a tsakanin 1956 da 1957.

Daga nan ɗalibi zai iya fito da alamomin cutar da kansa ba tare da ya buɗe littafi ba. Ƙwayar da ta yi tauri ba za ta iya kutsawa ta ƙananan hanyoyi ba, sai ta toshe su, naman da ke gaba ya rasa oksijin, wannan shi ne matsanancin ciwon ƙashi da gaɓoɓi, kuma a jarirai yakan fara da kumburin hannu da ƙafa. Sanyi yana tsuke jijiyoyi, ƙarancin ruwa yana sa himogulobin ya cunkushe a cikin ƙwaya, zazzaɓi yana ƙara buƙatar oksijin, shi ya sa iyaye suke ganin ciwon yana tashi a damina da hunturu, ko bayan yaro ya sha rana bai sha ruwa ba. Saifa tana kama waɗannan ƙwayoyi tun suna da kwana 10 zuwa 20 maimakon 120, ɓargo ya kasa cike giɓin, jini ya yi ƙasa, bilirubin ya yi yawa, ido ya yi rawaya. Ita kanta saifar toshewar tana lalata ta tun ana yara, kuma da yake tana cikin masu tace ƙwayoyin cuta daga jini, yaron yakan zama cikin haɗarin kamuwa da cututtuka masu tsanani, dalilin da ya sa likitoci suke ba irin waɗannan yara fenisilin da alluran rigakafi, suke kuma ɗaukar kowane zazzaɓi nasu da muhimmanci. Idan toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara 6 yana iya samun shanyewar ɓarin jiki irin wadda aka saba gani a tsofaffi.

Batun gado shi ne inda rashin fahimta ya fi yin ɓarna. Kowane mutum yana da kwafi biyu na bayanin gina sarƙar beta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai AA ya gaji lafiyayyu biyu, mai SS ya gaji masu sauyi biyu, mai AS kuma yana da ɗaya-ɗaya, kuma yawanci yana rayuwa lafiya domin himogulobin A da ke cikin ƙwayoyinsa yana hana zaruruwan haɗuwa. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zama SS, 50 na zama AS, 25 na zama AA. Mutane da yawa suna fahimtar wannan da cewa a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu, har wasu su ce tunda na fari ya ɗauke sauran sun tsira, alhali kowane ciki lissafinsa daban ne, ana iya samun huɗu duka SS, ana iya samun babu ko ɗaya. Haka kuma ɗora wa uwa laifi, kamar yadda ake yi a wasu gidaje, ba shi da tushe, domin babu yaron da zai zama SS sai uba ya ba da nasa S ɗin. Ya kamata kuma a bambanta jinotaif, wato AA ko AS ko SS, da rukunin jini na A, B, AB da O, tsarin da Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901. Rukuni yana magana ne a kan alamomin da ke bayan ƙwaya, kuma amfaninsa a wajen ƙarin jini ne, jinotaif kuwa yana magana a kan abin da ke cikinta, don haka mai rukunin O yana iya zama SS. Akwai kuma himogulobin C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma haɗuwarsa da S tana haifar da nau'in cutar da ake kira SC.

Tambayar da ɗalibi mai tunani zai yi ita ce, idan wannan sauyi yana kashe yara tun kafin su haihu su yaɗa shi, me ya hana shi ɓacewa? A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma ana ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu cutar a kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Amsar tana wurin sauro. Ƙwayar cutar maleriya, bayan ta yi kwanaki a hanta, cikin jar ƙwayar jini take shiga ta ci himogulobin ta hayayyafa, kuma ƙwayar mai AS ba ta yi mata daɗin zama, saifa kuma tana saurin kawar da waɗanda suka kamu. Anthony Allison ya nuna wannan alaƙa a gabashin Afirka a 1954. Binciken maleriya da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a ƙauyukan Garki a shekarun 1970, lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa, ya ƙara tabbatar da ita a ƙasar Hausa: an sami kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma da ƙyar ake samun mai SS a cikin manya, yayin da kason masu AS ya fi yawa a cikin waɗanda suka wuce ƙuruciya fiye da a cikin jarirai, alamar cewa sun fi tsallake shekarun da maleriya take kisa. Sai dai a kula, mai AS yana kamuwa da maleriya, kariyarsa daga mai tsanani ce, mai SS kuwa maleriya tana daga cikin manyan abubuwan da ke jefa shi cikin haɗari.

Jaririn da aka haifa da SS yakan yi watannin farko lafiya, abin da ke sa wasu iyaye su ƙi yarda da sakamakon gwaji. Dalili shi ne ɗan tayi yana amfani da wani himogulobin daban mai suna F, wanda ke da sarƙoƙin gama a maimakon beta, kuma ya fi na uwa ƙarfin kama oksijin domin ya iya janyo shi ta mabiyiya. Tunda babu beta a cikinsa, sauyin bai shafe shi ba, sai bayan wata 6 da haihuwa, lokacin da F ya ja baya, alamomi suke fara bayyana. Maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila yana aiki ne ta wannan ƙofa, yana sa ɓargo ya koma yin F da yawa, wanda ke shiga tsakanin himogulobin S ya hana su sarƙewa. Dashen ɓargo kuwa, wanda aka fara yi wa mai sikila a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, yana iya warkar da cutar gaba ɗaya domin ya sauya wurin da ake ƙera ƙwayoyin, ko da yake yana da tsada da haɗari kuma yana buƙatar mai bayarwa da ya dace, galibi ɗan'uwa ko 'yar'uwa na jini. Amma dashen bai taɓa ƙwayoyin haihuwa ba, saboda haka wanda aka yi wa, ko da gwajin jininsa ya koma nuna AA, S zai ba kowane ɗa da ya haifa, kuma yana buƙatar sanin jinotaif ɗin wanda zai aura kamar yadda yake buƙata kafin a yi masa aikin.